Lambun da Aka Killace

Mai Lambu ake ce mata, kuma har gobe haka za a ci gaba da kiranta, duk da cewa rabonta da riƙe fartanya an daɗe. Sau biyu ta yi lambu a rayuwarta, sau biyu aka raba ta da shi. Na farkon katafila ce ta cinye, wannan kowa ya zo ya yi mata jaje. Na biyun kuwa mijinta ne ya gama da shi da ɗan yatsa guda, yana zaune a kan kujera, ya ci ya ƙoshi, kuma har yau akwai masu taɓe baki suna cewa wai me ya yi zafi. To, ku gyara zama ku ji abin da ya yi zafi.

Lambun farko wani siririn fili ne a bayan masana'antar takalma, tsakanin katanga da layin dogo. Juji ne lokacin da ta same shi, tana yarinya ɗanya da goyon fari: fasassun kwalabe, tsofaffin tayoyi, duwatsu kuwa sai ka ce shuka su aka yi. Ita kaɗai ta share shi, da kwando da hannu, har faratanta suka daina fitowa daidai. Ta sa aka haƙa rijiya a gabas, dab da ƙofa, don ta fara ban ruwa kafin rana ta ɗaga. Ta dasa gwaiba a kusurwar yamma. Tumatir ba ya kusantar katanga, saboda katanga tana riƙe zafi. Albasa tana shiga tsakanin layin karas, don warinta ya kori ƙwari. Kuma ba ta taɓa maimaita abu ɗaya a kunya ɗaya ba, in bana kabeji ne, baɗi wake ne, ko da kabeji yana tashe a kasuwa. A ƙarƙashin gwaibar nan ta shimfiɗe 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, kuma a jikinta Auta ta koyi tsayuwa, tana dafawa tana cin ƙasa.

Mace ce mai baki, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Masu gidajen abinci da suke zuwa sari sun san in ka matsa mata tumatir da yatsa, to ranar sai ka ji tarihin tarbiyyarka tun daga kan kakarka. Amma ba ta taɓa cusa ruɓaɓɓe a ƙasan kwando ba, shi ya sa suke shan faɗan, gobe su dawo.

Mijin nata Duba-gari ne, wato jami'in tsabta, irin masu kaki da tocila da suke leƙa kwata da tankin ruwa da firjin mahauta. Ba mugu ba ne, a yi masa adalci. Bai taɓa karɓar cin hanci ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Sai dai yana da wata doka guda da ya riƙe ƙam tun yana sabon ma'aikaci: abin da aka kama ba ya kwana. In ya kama nama ko kifi ko gwangwanayen madara, a take zai sa a zuba kananzir a ƙyasta ashana, yana tsaye a kai. Dalilinsa shi ne, in kaya suka kwana a sito, kafin gari ya waye masu ban baki sun yi layi, wannan ya ce ɗan'uwan wane ne, wancan ya ce a duba marayu, kafin ka farga naman ya koma kan teburin mahauci. Don haka da zarar ya ji ƙishin-ƙishin wani zai zo roƙo, sai ya ƙara sauri. Ya taɓa ƙone buhunan ɗan ƙanin mahaifinsa, mutumin yana kan hanya zai zo ya yi bayani. Har yau ba sa gaisawa, kuma har yau Duba-gari yana ba da labarin yana ɗaga kafaɗa.

Lambun matarsa kuwa ƙafarsa ba ta taɓa taka shi ba. Wai wurin taki ne da sauro, in ya je dole ya rubuta, in ya rubuta kuma gida ya rikice, gara kada ya gani. Amma latas ɗin da ake kawowa daga can, wannan yana ganinsa sarai, har ya nemi ƙari.

Da masana'antar ta bunƙasa, masu ita suka ce suna bukatar wurin ajiye motoci. Filin nasu ne, ba ta da ta cewa. Ta tsaya a bakin layin dogo tana kallo katafila ta ture gwaibar, ta cike rijiyar da ɓaraguzai, kafin yamma an baje komai. A shekarar nan kuma gwiwoyinta suka ce sun gaji, Duba-gari ya yi ritaya, aka karɓe gidan ma'aikata, suka koma wani fulat mai ɗaki biyu a hawa na uku. Matar da ta saba fita tun da duhu-duhu, ga ta a kujera bakin taga tana kallon igiyar shanyar maƙwabta. Saukowa ƙasa ma sai an yi shawara da gwiwa.

Ta yi ƙoƙari, ba a ce ba ta yi ba. Ta tara gwangwanayen fenti, ta roƙi mai gadi ya hau mata da ƙasa, ta shuka barkono da na'a-na'a a baranda. Sun fara fito da kai ke nan, Duba-gari ya ɗaga gwangwani ɗaya ya ga ruwa ya kwanta a farantin da ke ƙasa. Shi ke nan! Ta fito daga wanka ta tarar da baranda fes, an wanke da maganin ƙwari, har ƙarfen an goge. Ya ce mata, "Maman Auta, ke ba ki san sauro ba. Cokali guda na ruwa ya ishe shi ya yi jikoki." Ta yi faɗa har muryarta ta dushe, shi kuwa ko a jikinsa, yana ninke tsumma.

Daga nan ta yi sanyi. Abinci sai ta tsakura ta ture. Faɗan ma ta daina, kuma wannan shi ya fi tsorata 'ya'yan, don uwarsu in ta yi shiru, ba lafiya ba. Auta, wadda take aiki a kantin magani a ɗaya ɓangaren gari, ita ce ta zo wata Asabar da tsohuwar kwamfutarta ta ɗorawa a cinya.

"Umma, kin tuna injin gem ɗin nan da kika saya mana muna yara, wanda muke haɗawa da talabijin?"

"Wanda ya hana ku karatu? Ai na gode Allah da ya mutu."

"To, injin ya mutu, amma wasanninsa suna nan. Akwai wata manhaja, emuleta ake ce mata, tana sa kwamfuta ta yi kamar ita ce injin. Na sa miki wasan noma a ciki."

"Noma? A cikin wannan farantin? Ke Auta, ki kiyaye ni. Na yi miki kama da sa'arki?"

Auta ba ta kula ba. Ta haɗa mata abin dannawa, wanda yara suke kira hannu, ta nuna mata wani ɗan mutum mai malfa da yake yawo a allon da fartanya a kafaɗa. Ta ce, "In kin gama aikin ranar, ki kai shi ya kwanta a gado, ki danna nan, aikinki ya shiga ajiya. Akwai wani ɗan fayil da yake riƙe duk abin da kika yi. Shi ne lambun gaba ɗaya, Umma, in babu shi babu komai." Ta bar kwamfutar a buɗe a kan teburi, ta tafi abinta.

Ba wasan ne ya kama Mai Lambu ba, ƙazantar filin ce. Duk sanda ta gifta za ta kicin sai ta ga fili cike da duwatsu da kututture da ciyayi, ga ƙato da fartanya yana tsaye a tsakiya yana ƙifta ido. Ta gifta ta dawo, ta sake giftawa, ta kasa haƙuri. "Wane malalacin ne ya bar fili haka?" Ta ja kujera ta ɗauki hannun, a juye ma ta fara riƙe shi.

Shekaru ta yi a kan lambun nan, ba wata biyu ba. Kuma ba lambun wasa ta yi ba, nata ta dawo da shi. Rijiya a gabas, dab da ƙofa. Tumatir nesa da shinge. Albasa tsakanin karas. Auta ta ce mata wasan bai san wani warin albasa ba, kuma ko ta maimaita kabeji sau ɗari a kunya ɗaya ba abin da zai faru. Ta ce, "Shi bai sani ba, ni na sani." Babu gwaiba a wasan, sai wata bishiya mai jan 'ya'ya da take shan dogon lokaci kafin ta girma. Ita ta dasa a kusurwar yamma, ta ce gwaiba ce, kuma wanda ya isa ya zo ya ce ba ita ba ce. Ranar da ta fara 'ya'ya, sai da ta kira 'ya'yanta kaf a waya, har wanda yake cikin taro a ofis.

Muryarta ta dawo. Ana jin ta tun daga matakala tana zagin hankaki da ya sauka a kan masara. Ta sayi wani bunsuru mai taurin kai, mai tura hanci a duk abin da ba ruwansa, ta sa masa suna Duba-gari. Jikoki in sun kira, kafin su gaishe ta sai su tambayi lafiyar bunsurun. Da safe, ta sha shayi, ta shafa wa gwiwa magani, sai ban ruwa, kuma wanda ya zo mata da surutu a wannan lokaci ya jawo wa kansa. Abinci ya koma shiga, har kumatu suka fito.

Shi kuwa Duba-gari na gaske yakan ari kwamfutar bayan abincin rana ya karanta labarai. Wata rana a majalisarsu ta 'yan ritaya, a kan bencin da yake ƙasan benen, wani ya ba shi labarin bairos, wai cuta ce da take shiga kwamfuta ba a gani, ta yi ta hayayyafa. Cuta! Ba a gani! A cikin gidansa! Bai ko ƙarasa zaman ba, ya hau ya ɗauko kwamfutar ya kai shagon masu gyara, aka sa masa antibairos, manhajar da take farautar cutar.

Kai, zo ka ga soyayya. Tun da ya yi ritaya bai samu abokin da ya dace da shi kamar wannan ba. Abu ne mai koriyar garkuwa, ya bi ɗaki-ɗaki a cikin kwamfuta yana leƙe, ya gama ya kawo rahoto. Duba-gari yakan gyara tabarau ya zauna yana kallon layin binciken yana cika, yana gyaɗa kai. "Ga ma'aikaci! Da irin wannan aka ba ni a ofis, da garin nan ya gyaru." Duk wani wurin da aka ce a zaɓi sassauci ko tsanani, sai da ya ƙure shi a tsanani.

To shi wannan ma'aikaci bai san emuleta ba. Ya ga wata baƙuwar manhaja kullum tana buɗe fayil ɗaya tana rubutu a ciki, ta rufe, gobe ta sake. A wurinsa wannan halin ɓarawo ne. Kamar sabon mai gadi ne ya ga matar gida tana shiga ɗakinta tana fita, ya tare ƙofa ya ce ina za ki. Sai ya fara hana ajiyar shiga, kuma bai gaya wa kowa ba, sai wata 'yar sanarwa da take leƙowa a kusurwar allo ta ɓace kafin mutum ya nemo tabarau.

Mai Lambu ta yi wuni tana dashen albasa, ta kai ɗan mutumin ya kwanta, ta danna inda ta saba dannawa. Da safe ta buɗe, kunyoyin wayam, irin yana nan a buhu. Ta yi tsaki ta sake dasawa. Washegari haka. Nan fa gabanta ya faɗi, don mahaifiyarta a ƙarshen rayuwarta takan share ɗaki, ta zauna, ta tashi ta tambayi wanda ya share. Ba ta gaya wa kowa ba. Baiwar Allah ta yi ta zama a bakin gado tana kiran sunayen jikokinta a zuci, ɗaya bayan ɗaya, don ta ga ko akwai wanda ya zube. Ku duba irin abin da aka jefa tsohuwa a ciki saboda tsabtar da ba wanda ya nema!

Daga baya dabara ta zo mata. Ta dasa albasar a wasan, ta tashi ta je kicin ta ɗauko albasa ta gaske ta ajiye a kan taga, shaida. Da safe ga albasa a taga, ga kunyoyi wayam. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce alhamdulillahi, kaina lafiya lau, farantin nan ne ya haukace. Ta yi niyyar in Auta ta zo ta nuna mata.

Ba a kai ga haka ba. Wata safiya ta buɗe wasan, sai ga fili cike da duwatsu da kututture, kamar ranar farko. Babu rijiya, babu bunsuru, kusurwar yamma ciyawa ce. Hannun ya suɓuce mata ya faɗi ƙasa. Da ƙyar ta lalubo lambar Auta.

Auta ta sa ta juya wayar ta haska mata allon, ta ce danna nan, danna can, har suka iso wani shafi mai jan rubutu. Sai ta yi dariyar samun sauƙi. "Umma, kwantar da hankalinki, bai ɓata ba. Antibairos ɗin Baba ne ya ɗauka cuta ce, ya killace shi. Kamar an kulle shi a sito ne, yana nan lafiyarsa ƙalau. Kuskure ne, suna yin haka da irin waɗannan fayilolin. Ranar Asabar zan zo in fito da shi, in hana shi sake taɓa wurin. Kafin nan don Allah kada kowa ya taɓa komai."

Mai Lambu kuwa ba ta iya waya ba sai a lasifika, duk gidan sai ya ji. Duba-gari yana falo yana goge tabarau, kuma kalma biyu ne suka shiga kunnensa suka zauna: sito, da zan zo in fito da shi.

Ta san mijinta, ba yau aka haɗu ba. Ta dafa bango ta fito ta tsaya a kansa. "Baban Auta, ka ji abin da yarinyar nan ta ce. Lambuna ne a ciki. Kada ka taɓa."

"In ba cuta ba ce, me ya sa aka kama shi?"

"An ce maka kuskure ne."

"Kowa haka yake cewa. Ban taɓa kama naman da mai shi ya ce ruɓaɓɓe ne ba."

"Ni dai na roƙe ka. Tun da muke ban taɓa roƙonka a kan aikinka ba. Ka bari Asabar ta yi."

Ya ce, "Na ji."

Na ji ɗin nan bai kwanta mata ba. Ta naɗe kwamfutar a cikin tsohon zane, ta tura ta can ƙasan kayanta a cikin kwaba, ta jera barguna a kai. Wai za ta ɓoye wa mutumin da ya taɓa zaƙulo cinyar saniya daga cikin silin ɗin wani shago! Ranar Juma'a ta ba shi abincin rana, ya ci ya side hannu, ita kuma ta sha maganin gwiwa mai sa barci ta kishingiɗa. Ya shiga a hankali, ya ɗage barguna, ya ɗauko.

Kuma wallahi na'urar ma ta fi shi imani. Ta ba shi zaɓi biyu, a mayar ko a goge har abada. Da ya zaɓi gogewa sai da ta sake tambayarsa, ka tabbata? Mutumin da bai taɓa rashin tabbata ba tun da aka haife shi! Ya danna. Bai tsaya nan ba, ya nemo wurin da ake share sawun abin da aka goge don kada ya taɓa dawowa, ya danna shi ma, wato ya zuba kananzir ɗinsa. Garkuwar ta koma koriya. Ya naɗe kwamfutar ya mayar, ya je ya wanke hannu da sabulu.

Da ta tashi ta buɗe kwaba, ba sai an gaya mata ba. Ita cukuikuye zanen ta yi, yanzu kuwa ga shi a ninke, kusurwa ta haɗu da kusurwa.

Auta ta zo ranar Asabar da fara'arta, ta buɗe wurin killacewar, ta tarar da shi fanko. Ta yi ta fama, ta kira wani abokin aikinta da ya san kwamfuta, suka gwada wannan suka gwada wancan, har abinci ya huce a kan teburi. A ƙarshe ta rufe kwamfutar, idonta ya kawo ruwa. "Umma, babu. Kuma ban taɓa ajiye miki kwafi ba."

Duba-gari bai ɓoye ba, shi ba ya ƙarya. Ya ce, "Ni na goge. Abin da aka kama ba ya kwana, wannan ma albarkacinki ya ci har ya kwana. Haba, Maman Auta, ai wasa ne. Ki sake wani mana."

Mai Lambu ta juyo ta fuskance shi. Da ta buɗe baki kuwa, har maƙwabtan hawa na biyu sai da suka rage sautin talabijin.

"Wasa ne? Da na bar cin abinci a gidan nan kana kallo, me ka kawo mini? Maganin tsutsar ciki! Wasan nan shi ya tashe ni. Katafila dai ba ta taɓa cin girkina ba. Mai tuƙa ta bai san ni ba, amma sai da ya sauko ya ce Mama ki yi haƙuri, aiki aka sa ni. Kai wa ya sa ka? Wa ya aike ka? Na tsaya a kanka da gwiwar nan na roƙe ka, ka ce ka ji. Ashe roƙon nawa ne ma ya sa ka sauri, ka mai da ni mahaucin da ya zo ban baki. Ka zubar mini da barkono, na yi faɗa na haƙura. Yanzu wane sauro ne a cikin wannan? Wa ya ci ya yi amai? Ka nuna mini mutum ɗaya da ka ceta!"

Bai nuna ba. Ya ce dai doka doka ce, ya ɗauki hularsa ya sauka majalisa. A can ya ba da labarin yana jiran yabo. Wani tsohon direba, wanda matarsa ta rasu bara, ya dube shi ya ce, "Kai dai ba ka ji daɗin halinka ba," ya juya ya ci gaba da sauraron rediyo.

Auta ta gyara abin kafin ta tafi, ta hana antibairos ɗin kusantar wasan, ta ce ko Umma za ta sake farawa. Mai Lambu ta ce, "Sau biyu na tsince duwatsu a rayuwata. Ba na uku." Ta ja kujerarta ta mayar bakin taga. Ba ta yi yaji ba, ba ta fasa girki ba, ta dai koma tsakurar abinci tana turewa. Jikoki suka kira suka tambayi bunsuru, ta ce ya mutu, ta miƙa wa kakansu wayar.

Shirun nan shi ya ci Duba-gari, abin da faɗa bai taɓa yi ba. Gidan yana nan fes, ba ƙura ba sauro, ba kuma mai zagin hankaki. Ya riƙa zagaye falo yana gyara abin da yake a gyare. Wata safiya tana kicin sai ta ji kiɗan wasan. Ta leƙo, ga shi a kan kujera, tabarau a karan hanci, ya riƙe hannun a juye, ɗan mutumin sai karo yake yi da shinge. Ta koma kan girkinta.

Haka ya yi ta yi kullum, labaran ma ya daina karantawa. Ya fasa dutse, ya tumɓuke kututture, ɗan mutumin ya gaji ya faɗi, gobe a sake. Babban yatsansa ya kumbura har sai da ya saci maganin gwiwarta ya shafa. Wata rana ya yi tsaki ya ce, "Wai duwatsun nan ba sa ƙarewa ne?"

Daga bakin taga ta ce, "Na gasken sun fi nauyi."

Ranar da ya gama, fili ya fito tas, ko tsinke babu, don wajen shara kam ba a fin shi. Ya juyo da kwamfutar ta fuskance ta, ya gyara murya, irin gyaran muryar mutumin da bai saba ba da haƙuri ba.

"Maman Auta, ga shi na share. Zan mayar miki da komai yadda yake. Auta ta ce irin na bayan masana'anta kika yi, sak. To, rijiyar a ina take?"

Ta ce, "Ka tuna mana."

Ya dubi allon, ya dubi silin, ya sosa ƙeya. Ya nuna tsakiya da yatsa, ya janye. Ya nuna gefen shinge, ya sake janyewa. Sannan, don ya nuna ba a banza yake ba, ya ce, "Na dai san akwai bishiya. Mangwaro ne, ko?"

Mai Lambu ta ji zafin da ya fi na ranar katafila, ya fi na ranar Asabar ɗin nan. Duk shekarun da ya yi yana cin ganyen lambun, yana neman ƙari, ta ɗauka ko a labari ya san shi. Kuma shekarun da ta yi tana gina na biyun a falo ɗaya da shi, a kan teburin da yake cin abinci, ashe ko sau ɗaya bai ɗaga ido ya kalla ba.

Ta ce, "Gwaiba ce. 'Ya'yanka duka a ƙarƙashinta suka yi rarrafe."

Duba-gari ya ajiye abin dannawar a kan teburi. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ko gogewa bai yi ba. Ya jira ta gaya masa inda rijiyar take, ita kuwa ta juya ta ci gaba da kallon shanyar maƙwabta. A kan allon, ɗan mutumin mai malfa yana tsaye a tsakiyar fili da fartanya a kafaɗa, yana ƙifta ido.